Tambayoyinku Kan Duniyar Mars

Wasiƙun da suka shigo mana a wannan watan yawancinsu a kan duniyar Mars suke, shi ya sa muka haɗa su wuri guda. Mun rage tsawon wasu tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Assalamu alaikum. Duk hoton Mars da na gani ja wur yake, ƙasar a bushe ƙamas. Na ɗauka zafi ne ya toye ta. Zafin can yana kai digiri nawa? Daga wani ɗalibin sakandare.

Wa alaikumus salam. Ido ne ya yaudare ka, ɗan'uwa. Jan nan tsatsa ce. Ƙurar da ta lulluɓe Mars cike take da ƙarfen da ya haɗu da oksijin, kuma jan a sama-sama ya tsaya. Da motar binciken Curiosity ta huda dutse a karo na farko a 2013, garin da ya fito launin toka ne.

Mars ƙasar sanyi ce. Idan aka haɗa dare da rana da dukan sassanta, matsakaicin yanayinta ya kai kusan digiri 60 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos. A ƙuryar arewa da ta kudu, lokacin hunturunsu, yana sauka ƙasa da digiri 120 ƙarƙashin sifili. Nisa da rana yana cikin dalilai: tana tazarar kilomita miliyan 228 daga rana, mu kuma miliyan 150, don haka hasken da ke isa gare ta kashi 43 ne cikin 100 na wanda muke samu. Amma inda gizo ke saƙar shi ne iska. Nauyin iskar da ke danne mu a bakin teku miliba 1,013 ne, a Mars kuwa kusan miliba 6, bai ma kai kashi 1 cikin 100 ba. Iska ita ce bargon duniya, Mars kuma kusan ba ta lulluɓa da komai. Da tsakar rana a yankin ikwaita ƙasa kan yi ɗumi har digiri 20, rana na faɗuwa zafin ya tsere sama, kafin asuba a koma digiri 70 ko 80 ƙasa da sifili. Ko da ranar ma, ƙasar ce kaɗai ke ɗaukar zafi. Iskar da ke daidai kan mutumin da ke tsaye tana iya fin ta wajen ƙafarsa sanyi da digiri 20.

Malamai, in mutum ya sa abin shaƙar oksijin irin na asibiti, ya jibga rigunan sanyi, zai iya yawo a Mars? Daga wata ma'aikaciyar jinya.

Ba zai iya ba, Malama, kuma ba sanyi ne zai fara kayar da shi ba. Ke da kike aikin lafiya kin san huhu yana buƙatar matsi kafin oksijin ya ratsa cikin jini. A miliba 6, ko da oksijin zalla ake hura wa mutum, bai isa ya shiga jini ba, sai ma wanda ke cikin jinin ya riƙa fita. Cikin daƙiƙa 10 zuwa 15 mutum ya suma. Akwai kuma wata iyaka a kusan miliba 63, wadda in matsi ya yi ƙasa da ita ruwa ke tafasa a digiri 37, wato zafin jikin ɗan Adam. Matsin Mars ya yi ƙasa da wannan iyaka ninki goma. Yawu da hawaye da danshin huhu za su fara tafasa. Jinin da ke cikin jijiyoyi ba ya tafasa nan take, domin fata da jijiyoyin suna riƙe da nasu matsin, amma jiki zai kumbura. Dole sai rufaffiyar riga mai riƙe matsi daga kai har ƙafa. Irin wadda 'yan sama jannatin Amurka ke sawa tana riƙe kusan miliba 300 na oksijin zalla.

Ita kanta iskar, kashi 95 cikin 100 kabon dayokzayid ce, sai naitirojin kusan kashi 3 da agon kusan kashi 2. Oksijin bai kai kashi 1 cikin 500 ba. Ana iya tatso shi daga kabon dayokzayid ɗin, kuma an gwada. Motar Perseverance ta tafi da wata na'ura mai suna MOXIE, wadda ke zuƙo iska ta cikin matata don tare ƙura, ta matse ta, ta dafa ta zuwa digiri 800, sannan ta bi da ita ta cikin jerin faranti na yumɓu na musamman da lantarki ke ratsawa. Nan ake raba oksijin gefe, kabon monokzayid gefe. An kunna ta sau 16 tsakanin 2021 da 2023, ta samar da giram 122 gaba ɗaya, mafi yawa giram 12 a awa. Mutum guda yana shan kusan giram 840 a yini, wato giram 35 a awa, kin ga ke nan gwaji ne kawai. Abin da injiniyoyi suka fi tsoro a irin wannan na'ura shi ne ƙarfin lantarkin ya wuce kima, domin sai baƙin kabon ya taru ya toshe farantan. Kuma numfashi ba shi ne babban mai cin oksijin ba. Lissafin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya nuna roka da za ta ɗago mutum huɗu daga Mars tana buƙatar kusan tan 25 na oksijin don ƙona manta.

Bayan wannan ga radiyeshan, wato haskoki masu cutar da jiki da ido ba ya gani. Na'urar da ke jikin Curiosity ta auna kusan milisibat 0.7 a kowace rana, alhali matsakaicin abin da mutum ke samu daga muhalli a duniyarmu milisibat 2.4 ne a shekara guda. Kwana huɗu a can ya zarce shekara a nan. Maganin da aka fi ambata shi ne a binne masauki a ƙarƙashin ƙasa mai kaurin mita biyu ko uku. Ƙasar ma ba lafiya lau take ba: kumbon Phoenix ya gano gishirin faklorat a cikinta a 2008, kusan rabin kashi 1 cikin 100 na nauyinta. Wannan gishiri yana hana jiki amfani da sinadarin aidin, abin da ke kai ga maƙoƙo, saboda haka sai an wanke ƙasar kafin a yi tunanin shuka a cikinta. Sauƙi ɗaya dai shi ne nauyi. Ƙarfin da Mars ke jan abu da shi kashi 38 ne cikin 100 na namu, mai kilo 70 zai ji kansa kamar kilo 27, rigar mai nauyi ma ta zame masa abin ɗauka.

Na ji an ce akwai ruwa a Mars, na kuma ji an ce babu ko ɗigo. Wanne ne gaskiya? Daga wani malamin firamare.

Duka biyun suna da ƙanshin gaskiya, Malam. Ƙanƙara akwai ta birjik, ruwa mai gudana ne babu.

Dalilin ya koma kan matsin iska. Ruwa ba ya zama ruwa sai matsi ya haura miliba 6.1. Ƙasa da haka, ƙanƙara ba ta narkewa, tururi take zama kai tsaye. Matsakaicin matsin Mars ya faɗo daidai kan wannan iyaka. A wurare masu zurfi, kamar kwarin Hellas mai faɗin kilomita 2,300 da zurfin kusan kilomita 7, matsin kan kai miliba 11 ko 12, amma ko can ruwa zai tafasa tun bai wuce digiri 10 ba. An ga wannan da ido a watan Yuni na 2008. Phoenix ya tona ɗan rami a filayen arewa, wasu fararen gutsattsari suka bayyana, da aka sake ɗaukar hoto bayan kwana huɗu sun ɓace, ba su bar jiƙa ba. Da gishiri ne da yana nan.

Mafi yawan ƙanƙarar tana ƙuryoyi biyu. Ta arewa ta kai faɗin kilomita 1,000 da kaurin kilomita biyu zuwa uku. Da hunturu sanyi kan kai inda ita kanta iskar kabon dayokzayid ke daskarewa ta kwanta a kan wannan ƙanƙara, har kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iskar duniyar ke sauka ƙasa, sannan ta tashi in bazara ta zo. Shi ya sa matsin iska a Mars yake hawa da sauka da lokutan shekara. A 2018 radar kumbon Mars Express na Turai ya ga wani wuri mai ƙyalli a zurfin kilomita ɗaya da rabi ƙarƙashin ƙanƙarar kudu, wasu masana suka ce tafki ne, wasu suka ce laka ko wasu duwatsu ma za su iya ba da irin wannan alama. A ganinmu bai kamata a riƙa yaɗa shi a matsayin tafki tabbatacce ba.

Ruwan da ya gudana a dā kuwa babu jayayya. Curiosity ta tarar da tsakuwa mulmulalliya a ramin Gale a 2012, irin wadda sai ruwa ya daɗe yana gangara da ita take mulmuluwa haka. An sauke Perseverance a ramin Jezero mai faɗin kilomita 45 ne saboda daga sama ana ganin inda kogi ya shigo tafki ya zube lakarsa. To ina ruwan ya tafi? Ƙanƙantar Mars ce ta ja mata. Faɗinta kilomita 6,779 ne, ɗan fiye da rabin na duniyarmu, nauyinta kuma kashi ɗaya cikin goma. Ƙaramin jiki ya fi saurin hucewa. Kusan shekara biliyan 4 da suka wuce, motsin narkakken ƙarfen cikinta ya daina haifar da maganaɗisun da ke kewaye duniya, ga shi kuma ƙarfin janta kaɗan ne, sai ɓurɓushin da rana ke fesowa ya yi ta zaftare iskar sannu a hankali. Kumbon MAVEN, wanda ya isa can a 2014, ya auna cewa har yanzu ana asarar kusan giram 100 a kowace daƙiƙa ta wannan hanya. Da iska ta yi ƙaranci, wani ruwan ya bi ta sama, wani ya daskare, wani ya shige cikin ma'adinan duwatsu.

Gaskiya ne guguwar Mars tana iya kifar da mota? Daga wani direba.

A'a, Malam. Gudun iskar kan kai kilomita 100 a awa, amma ba ta da jiki. Kaurinta kusan kashi 1 cikin 60 ne na tamu, saboda haka turin da za ka ji bai wuce na iska mai gudun kilomita 13 a awa a nan ba. Ba za ta ture ko yaro ba.

Ɓarnar guguwar Mars duhu ce. Ƙurar laushi gare ta ƙwarai, ƙwayarta ba ta wuce mikron 3 ba, alhali kaurin gashin kai ya kai mikron 70, kuma babu ruwan sama da zai wanke ta daga sararin sama. In ta tashi sai ta sha zafin rana, ta ɗumama iskar da ke kewaye da ita, iskar ta ƙara motsi ta ɗago wata ƙurar. Haka abin ke ciyar da kansa, musamman lokacin da Mars ta fi kusantar rana, wanda ya zo daidai da bazarar kudancinta. Kusan sau ɗaya a shekara uku na Mars, guguwar kan rufe duniyar baki ɗaya na makonni. Kumbon Mariner 9 ya isa a 1971 ya tarar ba a ganin komai sai kawunan manyan duwatsu. Ta 2018 ce ta kashe motar Opportunity, wadda ta sauka a kan aikin kwana 90 a 2004 ta yi shekara 14 tana aiki, ta yi tafiyar kilomita 45. Farantan solarta suka daina samun haske, batir ya mutu, babu wutar da za ta ɗumama kayan cikinta. Saƙonta na ƙarshe ya zo ranar 10 ga Yuni na 2018. Curiosity ta wuce wannan guguwa ko a jikinta, domin ita da zafin fulutoniyam take samun lantarki, kusan wat 110. Wani abin mamaki, ƙananan guguwa masu juyi da ke yawo da rana sun sha share wa Opportunity da 'yar'uwarta Spirit farantai kyauta. Kumbon InSight bai yi wannan sa'a ba, ƙura ta yi ta taruwa a kansa har ya yi shiru a Disamba na 2022.

Me ya sa ƙaramar duniya take da dutsen da ya fi Everest? Daga wata ɗalibar jami'a.

Olympus Mons dutse ne mai aman wuta, tsayinsa kusan kilomita 22, ninki biyu da rabi na Everest mai mita 8,849, faɗinsa kuma kusan kilomita 600. Ɓawon duniyarmu a farfashe yake, ɓangarorin suna tafiya, don haka maɓuɓɓugar narkakken dutse takan gina tsauni, ƙasa ta matsa, ta fara wani sabo, kamar yadda tsibiran Hawayi suka jeru. Ɓawon Mars guda ne kuma ba ya motsi, sai aman ya yi ta zuba a wuri ɗaya na miliyoyin shekaru. Raunin ƙarfin janta ya ba dutsen damar yin tsawo ba tare da nauyinsa ya durƙusar da shi ba. Sai dai kada ki zaci tsauni mai tsini. Gangarensa kusan digiri 5 ne kacal, kuma a Mars idon mai tsaye ba ya wuce kilomita uku da rabi kafin ƙasa ta lanƙwasa, saboda haka mai hawansa ba zai ma hango ƙololuwarsa ba.

A gabashin yankin Tharsis, inda sauran manyan duwatsun suke, akwai kwazazzabon Valles Marineris mai tsawon kilomita 4,000 da zurfin da ya kai kilomita 7. Yawancin masana suna ganin tsagewa ƙasa ta yi lokacin da Tharsis ya kumbura, zaizaya ta zo daga baya ta faɗaɗa shi. Cikin Mars bai mutu murus ba: InSight ya ji girgizar ƙasa fiye da 1,300, mafi girma mai maki 4.7 a watan Mayu na 2022.

Me ke sa sauka a Mars wahala haka, tunda an sauka a wata tun 1969? Daga wani makanike.

Malam, kai da ka san birki za ka gane matsalar da wuri. Wata ba shi da iska, roka kaɗai ta isa. Duniyarmu iskarta mai kauri ce, garkuwar zafi da laima sun wadatar. Iskar Mars ta isa ta ƙona kumbo, amma ba ta isa ta tsayar da shi ba, saboda haka sai an haɗa birki iri uku cikin minti bakwai.

Ga yadda Perseverance mai kilo 1,025 ta sauka ranar 18 ga Fabrairu na 2021. Ta shiga iskar da gudun kusan kilomita 19,500 a awa. Garkuwar gaba ta ɗauki zafin da ya kai digiri 1,300, gogayya da iska ta rage gudun zuwa kusan kilomita 1,600 a awa. A tsayin kilomita 11 aka buɗe laima mai faɗin mita 21.5, tun kumbon yana gudu fiye da sauti. Laimar ba ta iya sauke gudun ƙasa da kusan kilomita 320 a awa ba. A tsayin kilomita 2 aka yar da ita, rokoki takwas suka karɓi aiki. Da ya rage kusan mita 20, sai aka zuro motar da igiyoyi masu tsawon mita 6.4, don kada hucin rokokin ya tono rami ya watsa mata tsakuwa. Tayoyi na taɓa ƙasa aka yanke igiyoyin, mazaunin rokokin ya tashi ya je ya faɗi can nesa. Duk wannan kwamfuta ce ke yi ita kaɗai, domin a ranar saƙo yana ɗaukar minti 11 kafin ya iso nan. Lokacin da injiniyoyi suka ji an shiga iska, an riga an gama, ko da rai ko babu.

Kuskuren da ke kashe kumbo yawanci ƙarami ne. A 1999 Mars Climate Orbiter ya salwanta saboda ƙungiya ɗaya ta ba da lissafin turin roka da ma'aunin fam, ɗayar ta karanta shi a matsayin niyuton, kumbon ya nutsa cikin iska fiye da kima. A 2016 na'urar auna juyi ta kumbon Schiaparelli ta ruɗe na ɗan lokaci bayan buɗe laima, kwamfuta ta lissafa cewa ta riga ta kai ƙasa, ta saki laimar, ta kashe rokoki bayan daƙiƙa uku, ya faɗo daga tsayin kilomita 3.7. Bayan sauka ma ba a tsira ba. Spirit ta kafe a yashi mai laushi a 2009. Tayoyin Curiosity na alminiyam, masu kaurin da bai kai milimita ɗaya ba, duwatsu masu kaifi sun huhhuda su, har sai da aka sauya mata hanya aka kuma gyara manhajar tuƙinta. Ƙaramin jirgi mai saukar ungulu Ingenuity, mai kilo 1.8, sai da fukafukansa suka riƙa juyi kusan sau 2,400 a minti kafin su kama wannan siririyar iska. Ya tashi sau 72. A tashin ƙarshe, a Janairu na 2024, ya bi ta kan yashi fetal, kyamararsa ta rasa alamar da za ta auna gudu da ita, ya sauka a karkace fukafukan suka karye.

Yini da shekarar Mars nawa ne, kuma tana da wata? Daga wata uwa da 'ya'yanta suka tambaye ta.

Ki gaya musu, Hajiya, yininta awa 24 ne da minti 39, shekararta kwana 687 na namu. Ta karkata da digiri 25, mu da 23 da rabi, don haka tana da lokutan shekara, sai dai kowanne ya kusa ninka namu tsawo. Da rana samanta ruwan ƙasa-ƙasa ne saboda ƙura, da faɗuwar rana kuma kewayen ranar ya yi shuɗi. Watanninta biyu ne ƙanana, Phobos da Deimos, Asaph Hall ya gano su a 1877. Phobos mai faɗin kusan kilomita 22 yana kewaye ta cikin awa 7 da minti 39, ya fi ta saurin juyi, shi ya sa yake fitowa daga yamma ya faɗi gabas.

Mars ce ta fi kusa da mu? In ba ita ba ce, me ya sa kullum ita ake zuwa? Daga wani mai karatu.

Zuhura ce ke fin matsowa, ɗan'uwa, wadda ake kira Zara matar wata. Takan zo kusan kilomita miliyan 40 daga gare mu, Mars kuwa ko a 2003 da ta yi kusantar da aka daɗe ba a gani ba, kusan miliyan 56 ta tsaya. Girman Zuhura ma ya kusa namu, faɗinta kilomita 12,104. Matsalarta kishiyar ta Mars ce, iska ta yi mata yawa. Matsin da ke ƙasarta ya ninka namu sau 92, kamar mutum ya nutsa mita 900 cikin teku, kabon dayokzayid ɗin kuma ya kulle zafi har digiri 465, dare da rana, zafin da ke narkar da dalma. Gajimarenta na ruwan asid ne. Tarayyar Sobiyet ta sauke kumbuna da dama a can, wanda ya fi daɗewa shi ne Venera 13 a 1982, ya yi minti 127 kafin a daina jin ɗuriyarsa. Injiniya zai iya ɗumama na'ura a cikin sanyi da 'yar wuta kaɗan, amma sanyaya ta a digiri 465 sai an sami inda za a zubar da zafin, a Zuhura kuma ko'ina zafin ɗaya ne. Shi ya sa duk wata 26, lokacin da hanyar zuwa Mars ke buɗewa, can hukumomi ke harba kumbunansu, tafiyar kusan wata bakwai.